Karatun Bakin Daji: Tambayoyin da Malamai da Iyaye Suka Fi Yi Game da Fita da Yara Ƙanana

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin malaman firamare, malaman Islamiyya da iyaye a ƙauyukan Kano da Jigawa, duk lokacin da aka tayar da zancen fitar da yara daga aji a kai su gindin itatuwa su yi karatu. Yaran da ake nufi su ne 'yan shekara 4 zuwa 9, wato daga ajin share fage zuwa aji uku. Wasu tambayoyin tsoro ne ya kawo su, wasu raini, wasu kuma na wanda ya yarda ne amma bai san ta inda zai kama ba.

Yaron ƙauye da kullum yana daji, me kuma za a koya masa a can?

Mai wannan tambaya yana da rabin gaskiya. Yaron da ke kai wa babansa fura gona ko yake kora awaki ya fi ɗan birni sanin inda ƙaya take. Amma tsayar da ɗan shekara takwas yau ka ce ya lissafo maka itatuwa. Za ka ji darbejiya, mangwaro, kuka, tsamiya, wataƙila dorawa, daga nan sai ya fara sosa ƙeya. Kakansa, lokacin yana kamarsa, zai bambance maka marke da ƙirya tun daga nesa, ya gaya maka ƙirya ce maƙera ke nema saboda gawayinta, ita kuma ake sassaƙa turmi mai ƙarko da ita. Itatuwan sun ragu, masu faɗin sunayensu kuma sun daina faɗa tunda ba mai tambayarsu.

Sannan akwai abin da ko kakan ba a cika tambayarsa ba, wato dalili. Kowane yaro ya san awaki na rububin 'ya'yan gawo da rani. To wa ya taɓa tsayar da shi a tsakiyar watan Agusta ya ce masa: duba, kowace bishiya ta yi shar, me ya sa gawo shi kaɗai ya kaɗe ganye? Me ya sa geron da ke gindinsa ya fi na gefe kyau? Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbobin da suka sha inuwarsa da rani kuma sun bar kashinsu a wurin. Yaron da aka bari ya yi ta juya wannan tambaya a ransa har ya kamo bakin zaren da kansa, ya fara kimiyya ke nan, ko da bai iya rubuta sunansa ba tukuna. Abin da ake fita nema ke nan. Sanin amfani yana da shi daga gida, saura a koya masa tsayawa ya duba, ya tambaya.

Wannan ba tsarin Turawa ba ne aka kwaso mana?

Sunan da tsarin zamani daga can suka zo. A Denmak aka fara makarantun daji na yara ƙanana cikin shekarun 1950, Suwidin ta fara nata a 1957, sannan a 1993 wasu malaman renon yara daga wata kwaleji a Ingila suka je Denmak suka gani, suka koma gida suka kafa irinsa. Daga nan ya bazu.

Amma dajinsu ba namu ba ne. Su sanyi da laka suke fama da su, mu rana da ƙaya da kububuwa. Su suna koya wa yaro hura wuta ne don bai taɓa ganin murhu ba. Abu biyu kawai nake ganin sun cancanci a ɗauka daga wajensu: a riƙa komawa wuri ɗaya a kai a kai har shekara ta zagayo, kuma malami ya rage surutu ya bar yaro ya gano. Sauran duk muna da su. Malamin Islamiyya ba sai an tuna masa ba cewa akwai surorin da aka sa wa sunan ƙudan zuma, tururuwa da gizo-gizo, kuma an ce a dubi raƙumi yadda aka halicce shi.

Garinmu babu daji, duk an share an yi gonaki. Ina za mu je?

Ba kurmi ake buƙata ba. Tsohuwar kuka guda ɗaya a bayan gari ta ishi aji shekara guda. Akwai burtali, inda sabara, kalgo da geza ke tsira tunda ba a noma shi. Akwai bakin fadama, shingen aguwa, tsamiyar kasuwa ranar da ba ta ci, har ma da itatuwan da manoma suka bari a tsakiyar gonakinsu, dorawa, kanya, ɗinya, gawo, waɗanda bayan an kwashe amfani sai ka ga fili ya koma wani ɗan daji mai sarari. A arewacin Kano wajen Dambatta da wasu sassan Jigawa akwai dogayen layukan darbejiya da turare da gwamnati ta dasa don tare iska da rairayi. Su ma sun yi, duk da cewa ba su kai dajin asali tara halittu ba, kuma wannan bambancin kansa darasi ne ga 'yan aji uku.

Sharaɗin shi ne wurin ya kasance kusa, tafiyar da ɗan shekara biyar zai yi ba tare da an goya shi ba, inda in an ƙwala kira za a ji a gari. Kafin a fara a gaida mai unguwa ko dagaci a sanar da shi, a nemi izinin mai gona. Da damina a bi hanya, kada a ratsa shuka. Rigima ɗaya da manomi ta isa ta kashe shirin gaba ɗaya.

Me ya sa ake nanata wuri ɗaya? Yara ba za su gaji ba?

Babba ne ke gajiya, don shi yana ganin ya riga ya san wurin. Kukar da yara suka gani a Janairu, ba ganye sai 'ya'ya suna reto, ba ita ce ta Yuni ba. Da damina ta kama za su tarar da manyan fararen furanni a zube a ƙasa da safe, sun fara yanƙwanewa. Ka ce su ɗauka su sansana, za ka ga an yamutsa fuska. Furen kuka da yamma yake buɗewa, jemagu ne ke zuwa shan ruwansa da dare, su ne kuma ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan. Wannan warin da yara suka ƙi, shi ke kiran jemage. Ba jemage, 'ya'yan kuka sun ragu. Yaron da ya ɗauki furen nan da hannunsa, in ya ga 'ya'ya sun fito bayan watanni, shi zai haɗa labarin, ba sai an zana masa a allo ba.

Yawon buɗe ido sau ɗaya a shekara ba ya ba da wannan. Sauyi ake so yaro ya kama, sauyi kuwa sai wanda ya san yadda wuri yake jiya.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Da safe, tsakanin ƙarfe 8 da 10, sau ɗaya a mako. 'Yan ajin share fage minti 40 ya ishe su, manya kuma awa guda zuwa awa da rabi. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, saboda haka ko a taƙaita ko a tsaya a inuwar da ke cikin makaranta. Lokaci mafi daɗi shi ne daga kaka zuwa ƙarshen sanyi: ciyawa ta kwanta, ana ganin ƙasa, magarya da kurna da tsamiya suna nuna. Ranar da hazo ya yi kauri a bar mai asma a aji, mai sikila kuma a kiyaye masa sanyi da ƙishirwa. In hadari ya haɗo a juya gida nan take. Gindin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai shi ne wurin da ya fi haɗari in ana tsawa.

To in mun je, me za mu yi takamaimai?

A fara da zama. Kowa ya rufe ido, a yi shiru ɗan lokaci, sannan kowa ya faɗi abin da ya ji: kurciya, gyare, ƙarar injin niƙa daga gari, kukan jaki. Makon farko dariya za su yi ta yi. Zuwa mako na huɗu za ka ji wata tana cewa tsuntsun yau ba na rannan ba ne.

Sai a ba su aiki ɗaya tak. Yau kowa ya kawo ganye uku da ba su yi kama ba. Wani makon a nemo 'ya'yan itace a raba su: wanda iska ke ɗauka irin audugar tumfafiya da ta rimi, wanda ke maƙalewa a wando irin ƙarangiya, wanda akuya ke haɗiyewa ta kai shi wani wuri. Wani makon sawu za a bi a rairayi, a bambance na zomo, na ƙadangare mai jan wutsiya a tsakiya, da na buzuzu.

In ana son a ga yadda yara ke nutsuwa, a kai su wajen kurkuɗu, ɗan ƙwaron nan mai haƙa rami a rairayi. A gindin bango ko ƙarƙashin itace, inda rairayi yake da laushi kuma ruwa ba ya dukansa, za a ga 'yan ramuka zagayayyu masu tsini a ƙasa. A sa yara su kwanta rub da ciki kewaye da ɗaya. Kiyashi ya zo ya zame a baki, ya yi ta fafutukar hawa, rairayi na zubewa a ƙarƙashinsa. Can sai a ga ana watso masa rairayi daga ƙasan ramin, ya sake gangarowa, wasu 'yan ƙahonni su fito su cafke shi. Daga nan tambayoyi za su ɓarke: waye a ciki, me ya sa ba ya fitowa, in ruwa ya zo ina yake zuwa? Kada Malam ya yi saurin amsawa. A tono shi a hankali da tsinke a ɗora a tafin hannu, su ga yadda yake tafiya da baya, a mayar da shi. Wani makon a dawo a ga ko ya sake haƙa ramin.

Kafin a tashi a sake zama, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani. A ƙirga yara, a wanke hannu.

Maciji da kunama fa? Wannan ne ya hana ni barin ɗana.

Tsoron nan yana kan hanya, kuma ba a kore shi da "in sha Allahu ba komai" kawai. Ana ɗaure raƙumi ne sannan a yi tawakkali.

Wanda ya fi yi wa mutane illa a ƙasar nan shi ne kububuwa: ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, tana ɓuya ƙarƙashin duwatsu da tarin kara, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Sai kasa, wadda ba ta gudu sai dai a taka ta, da gamsheƙa mai tofi a ido. Yawancinsu da yamma da dare suka fi yawo, shi ya sa fitar safe ta fi. Babba ɗaya ya riga yara isa wurin, ya zagaya da sanda. Dokokin yara uku ne, a mayar da su waƙa in an so: ba a sa hannu a rami ko kogon itace ko suri, ba a ɗaga dutse da hannu, in an ga maciji a ja da baya a kira Malam. Mai takalmi rufaffe ya sa, mai silifa kada a kai shi cikin doguwar ciyawa.

In ƙaddara ta faɗa, a kwantar da yaron, kada ya yi tafiya da ƙafarsa, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, a tallafe gaɓar kada ta riƙa motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya ko roba, ba a ɓata lokaci wajen neman macijin. In tofi ne a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta. Tun kafin fitar farko shugaban makaranta ya binciki wane asibiti mafi kusa ke ajiye allurar dafin maciji, domin ba kowanne ba ne, kuma a san mai babur ɗin da za a kira. Harbin kunama ga ƙaramin yaro ya fi na babba tsanani, shi ma asibiti.

Wani abin da ake mantawa shi ne zuma. A duba sama ko an rataya amya, a hana jifa.

Za su riƙa tsinkar abubuwa suna ci. Yaya za a yi?

Hanawa gaba ɗaya ba ta aiki, don sun saba cin kanya da aduwa tun kafin su san hanyar makaranta. Doka ita ce ba a kai komai baki sai an nuna wa babba. Sannan a ware fita guda musamman don masu cutarwa, a nuna su ido da ido: zaƙami, wanda 'ya'yansa ke gusar da hankali, cini-da-zugu, da ƙwayarsa ke da ɗan gardi amma tana sa amai da gudawa mai tsanani, ƙwayar zurma, nonon tumfafiya da na tinya, masu illa ga ido, da duk wani naman kaza da ya tsiro da damina. Yaro ya san su ya fi a ɓoye masa.

A kuma koya musu cewa itace yana da mai shi. Dorawar da ke cikin gona ba ta kowa da kowa ba ce, daga kalwarta uwar gida ke yin daddawar da za ta kai kasuwa.

Kududdufi?

A tsaya a baki a kalli kwaɗi da balbela, amma ba shiga. Tsargiya a irin wannan ruwa ake ɗaukarta, ta fata, ko ba a sha ba. Kuma ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwar babba ba.

Ajina yara sun kusa ɗari, ni kaɗai ne. Ta yaya?

Kada ka fita da su duka, Malam. A raba su rukuni-rukuni na kimanin 20, kowane mako rukuni ɗaya, sauran a haɗa su da ajin maƙwabci, shi ma ranar tasa ka riƙe masa. Ga 'yan ƙanana ina ganin kada babba ɗaya ya riƙe fiye da yara 8. Manyan kuwa ba lallai malamai ba ne. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata su ne wurin nema. Akwai dattijan da ƙarfin noma ya ƙare musu amma idonsu da ƙwaƙwalwarsu garau, ba abin da suke so irin a ce ana buƙatarsu.

In duk wannan ya gagara, akwai darbejiyar harabar makaranta. Ita ma baƙuwa ce mai labari: asalinta Indiya, zamanin Turawa aka kawo ta, ga shi yanzu ta fi 'yan gida yawa a cikin gari.

Ni kaina ban san sunayen itatuwa da tsuntsayen ba. Ba zan ji kunya ba?

Masu sani suna nan cikin garin. Maharbi ya san sawu. Masassaƙi ya san itace ta nauyinsa da ƙanshinsa. Bafulatanin da ke ruga a gefen gari ya san ciyayi ɗaya bayan ɗaya, wadda shanu ke so da wadda ke kumbura musu ciki. Ungozoma da tsofaffin mata sun san ganyaye, tafasa, yaɗiya, lalo, rai-ɗore. Malamin daji na ƙaramar hukuma ma ana iya gayyatarsa. A je a gaishe su da girmamawa, a ce Baba ko Inna, yaran nan ne muke so a nuna musu abin da aka sani. Aikin malami shi ne ya tsara fitar, ya yi tambayar da za ta buɗe bakin dattijo, ya rubuta abin da aka faɗa a littafi guda da za a ajiye a ofis.

Gargaɗi ɗaya game da masu maganin gargajiya: su faɗi suna da kamanni, amma ban da "ana jiƙa wannan a sha". Yaro zai je ya gwada a kan ƙaninsa.

Mai duba makarantu zai ce mun bar manhaja muna yawo. Ina karatu da lissafi a ciki?

Manhajar kimiyya ta ƙananan azuzuwa cike take da abubuwa masu rai da marasa rai, sassan tsiro, ƙasa, ruwa, iska da gaɓoɓin ji da gani. Duk a waje suke. A rubuta fitar a tsarin darasi da taken da ta dace da shi, a nuna wa shugaban makaranta tun kafin a fita.

Lissafi kuwa ya fi sauƙi a can. Ƙwayar tsamiya ta isa tarawa da ɗebewa da rabawa. Yara nawa ne za su riƙe hannu su zagaye kuka, nawa za su zagaye kanya, wacce ta fi, da nawa? Ga 'yan aji uku akwai awon tsawon bishiya ba tare da an hau ba. A kafa sanda a tsaye da hantsi, a jira har inuwarta ta yi daidai da tsawonta. A wannan lokacin inuwar bishiya ma daidai take da tsawon bishiyar, sai a auna ta da takun ƙafa. Yaran da suka ji yadda ake gane lokacin la'asar da inuwa a Islamiyya za su kama wannan da wuri.

Baƙaƙe a rubuta su a rairayi da tsinke: ƙ ta ƙirya, ɗ ta ɗinya, ɓ ta ɓaure, ts ta tsamiya. A sa su ƙirƙiri kacici-kacici a kan abin da suka gani, 'yan uwansu su canka. Almajiran tsangaya kuma sai a nuna musu cewa kayan karatunsu daga dajin nan suke: alƙalami daga kara ko gamba, tawada daga gawayi da ƙaro.

Wasu yaran suna tsoron kuka da tsamiya, wai akwai aljanu.

Kada a yi musu dariya, kada kuma a ce iyayensu ƙarya suke yi. A yi bisimilla da addu'ar fita gaba ɗaya, a je da babban da suka yarda da shi, a zauna nesa kaɗan ranar farko. Yaron da ya ƙi matsawa a ƙyale shi, in ya ga 'yan uwansa suna tsintar fure zai matso da kansa. In akwai wata bishiya da gari duka ke kauce mata, a bar ta, itatuwa ba su ƙare ba. (Sau da yawa ma irin waɗannan ne kaɗai gatari ya bari, shi ya sa suka fi kowacce girma.)

Tsoron da ya kamata a yi aiki a kansa a hankali shi ne na mujiya da hawainiya, don shi ke sa a kashe su. Hawainiya ba ta da dafi, ƙwari take ci. Mujiya kuma ɓerayen da ke ɓarnar rumbu take kamawa.

'Ya'ya mata ma za su je?

Su ne ma kan gaba. Su ake aika itace da ganyen miya, kuma sau da yawa za ka tarar sun fi mazan sanin tsirrai. Abin da iyaye ke so su ji shi ne akwai Malama ko wata dattijuwa a tafiyar, an san wurin, an san lokacin dawowa. A faɗa musu wannan baki da baki, takarda ba ta isa ba. A can kuma a lura kada maza su kwashe duk abin taɓawa su bar mata da riƙon butar ruwa.

Yaran maza ba sa rabuwa da danƙo. A ƙwace?

Ranar fita a bar shi a gida. Amma mai danƙo kada a mayar da shi mai laifi, domin shi ya fi kowa ido: ya san inda kurciya ke sheƙa, ya san lokacin da tsuntsu ke sauka shan ruwa. A naɗa shi mai nuna wa aji tsuntsaye, a ba shi aikin lura da wata sheƙa ya riƙa kawo labari, ƙwai nawa, yaushe aka ƙyanƙyashe, yaushe suka tashi. Wanda ya yi makonni yana gadin sheƙa da wuya ya harbe ta.

A kawo dattijo ya ba su labarin ungulu. Da ba mahautar da ba ta cika da su, yau akwai yaran da ba su taɓa ganin ko ɗaya ba, saboda guba da masu farautar sassan jikinta. Gauraka ma haka ta yi wuyar gani. Shamuwa dai har yanzu tana zuwa gab da damina, sai a sa yara su rubuta ranar da suka fara ganinta kowace shekara, a kwatanta da ranar ruwan farko.

Za mu iya haɗawa da dashen itatuwa?

Ƙwarai, amma kaɗan. An sha yin bikin dashe a raba ɗaruruwan tsirrai, kafin kaka awaki sun gama da su. Gara itace biyar da kowane rukuni ya san nasa. Yara su tsinto irin da kansu, na kuka, dorawa, gawo ko bagaruwa. Ɓawonsu yana da tauri, sai an ɗan goga shi a dutse ko babba ya jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana. A shuka rabi da aka goga, rabi da ba a taɓa ba, a ledar fiya-wata da aka huda ƙasanta, su ga wanne zai riga fitowa. A dasa a watan Yuli in ruwa ya zauna, a kewaye da ƙaya tun ranar, a raba kwanakin ban ruwa na rani. Hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi, yara kan riƙe shi da wuri.

Akwai kuma hanyar da ta fi dashe sauƙi, wadda maƙwabtanmu na Maraɗi suka shahara da ita tun shekarun 1980, suna kiranta sassabin zamani. Kututturen kalgo ko sabara da ke tohowa kowace shekara, maimakon a sassabe shi duka, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, don haka girmansa ya fi na dashe sauri, kuma ba ya neman ban ruwa. Aji ɗaya zai iya ɗaukar kututture ɗaya ya riƙa auna shi da igiya duk wata. Kano da Jigawa suna cikin jihohi 11 da shirin shingen itatuwa na Afirka ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015, don haka ba laifi a tambayi ma'aikatan gandun daji ko akwai tsirran da ake rabawa makarantu.

Nawa za a kashe?

Jarkar ruwan sha, sabulu, usur, auduga da bandeji da maganin wanke ciwo, littafi ɗaya, waya mai caji da kati. In an samu gilashin ƙara girma guda ɗaya, madalla. Kada a sa wa iyaye kuɗi.

Ta yaya zan gane suna ƙaruwa?

Ba ta yawan sunayen da suka haddace ba kawai. Ka saurari irin tambayoyinsu. Yaron da a farko yake cewa "mene ne wannan" in ya koma "me ya sa kauci yake fitowa a saman reshe, wa ya kai shi can", an ci gaba. (Tsuntsu ne: ƙwayar tana da danƙo, sai ta manne a reshe in ya goge baki ko ya yi kashi.) Wata alamar ita ce uwa ta tare ka a hanya ta ce, Malam, me kuke yi wa yarinyar nan ne, ta ishe ni da tambayar sunan kowane ganye.

Ba za mu kai su babban daji irin Falgore ko Baturiya ba?

Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa a kudancin jihar wajen Tudun Wada da Doguwa, daji ne na gaske da aka keɓe tun zamanin Turawa. Amma ya sha fama da matsalar tsaro, kuma ba wurin 'yan shekara shida ba ne. Ko manyan ɗalibai sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan wurin.

Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta fi dacewa, musamman ga makarantun ƙasar Haɗejiya. Tana cikin dausayin Haɗejiya da Nguru, an sa ta cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga ta, tare da Falgore, zuwa gandun daji na ƙasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ake samun tsuntsayen da suka tsallako hamada daga Turai suna gudun sanyi, sun haɗu da na gida irin su kirinjijiya da zalɓe. A bar wannan tafiya ga 'yan aji uku zuwa sama, waɗanda suka yi shekara suna fita kusa da gida har suka iya zama shiru. A tuntuɓi ma'aikatan wurin tun da wuri, a isa da sassafe kafin tsuntsaye su watse, a tafi da babba ɗaya ga kowane yara biyar saboda ruwa, kuma kada a sa yara a kwalekwale.